ƘOTA DA KAIFI: TAMBAYA A KAN WUƘAR KAKANMU

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da ƙarfe domin amfanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana matasa, maganar da zan yi muku a wannan ɗan littafi maganar wuƙa ce. Kada wani ya ce Malam ya rasa abin wa'azi. Wuƙar nan ta hana ni barci kwana da kwanaki, ta kusa raba ni da ƙanen mahaifina, ta kuma nuna mini cewa akwai karatun da na haddace a jami'a amma ban gane shi ba sai a bakin maƙera.

Kakanmu maharbi ne. A ƙuruciyarsa ya kashe gada da barewa, har gwanki an ce ya taɓa kawowa gida. Da ya rasu aka raba gado, wuƙarsa ta farauta ta faɗa a rabon Baffa, ƙanen mahaifina, kuma da ita ake yanka ragon layya a gidanmu tun ina yaro. Bara, ana saura kamar mako uku Babbar Salla, Baffa ya kira ni ya ce ƙotar ta tsage, ƙarfen yana rawa a ciki, tun da ina zuwa gari in kai wa maƙeri ya sake mata wata. Na karɓa, na tafi da ɗalibaina biyu.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake wannan aiki ba, ga yadda yake. Wuƙa irin tamu ta gargajiya tana da wutsiyar ƙarfe siririya wadda ke shiga cikin itace. A kan itacen kuma baduku yakan naɗe fata ya ɗinke. In za a sake ƙota, sai a farke fatar, a tsaga tsohon itacen, a kankare tsatsar da ta taru a wutsiya. Daga nan a samo itace mai tauri, kamar marke ko ƙirya ko kanya, a sassaƙe shi daidai tafin hannu, a huda, a gasa wutsiyar har ta yi ja, a cusa ta cikin hudar ta ƙona wa kanta mazauni. To, maƙerin nan yana farke fatar, sai ga wani ɗan rami da aka sassaƙa a jikin itacen, a cikinsa wata 'yar takarda an ninke ta ƙanƙanuwa, an ɗaure da zare, ta yi baƙi saboda gumi da shekaru. Maƙeri ko mamaki bai yi ba. Ya ce, "Malam, ai kusan duk wuƙar maharbi haka take. In mayar da ita cikin sabuwar, ko kuwa?"

Kafin in buɗe baki, ɗaya daga cikin ɗaliban ya riga ni. Ya ce wannan wuƙa kayan shirka ce, a haɗa ta da layar a jefa a tsohuwar rijiya. Ya ƙara da cewa duk ragunan da aka yanka da ita sai an sake duba hukuncinsu. Ɗayan kuwa, wanda ya fi shi sanyi, ya ce a'a, a jefar da layar kawai, a sa sabuwar ƙota, a naɗe fata, a mayar wa tsoho abinsa. Ina zai sani? Ni kuma na san abin da Baffa zai ce in an tambaye shi: a mayar da ita yadda Tsoho ya bar ta.

Kun ga hanya uku ke nan, kuma ina so ku lura, domin duk saurayin da Allah Ya buɗe wa ido ya gane Sunna a gidan da aka gaji al'ada, ɗaya daga cikin ukun nan zai bi. Ko ya jefar da komai, ko ya gyara a ɓoye ya yi ƙarya, ko ya mayar da komai yadda ya tarar don a zauna lafiya.

Ta ukun ba ta da wuyar amsa, ba zan daɗe a kanta ba. Imam Ahmad ya ruwaito daga Uƙba ɗan Amir cewa wasu mutum goma sun zo yin mubaya'a, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi ta tara ya ƙi ta ɗaya, saboda yana ɗauke da laya, sai da ya tsinke ta, kuma ya bayyana cewa rataya ta shirka ne. Gaskiya ne magabata sun yi saɓani a kan layar da babu komai a cikinta sai Alƙur'ani. Wasu sun sawwaƙe, Abdullahi ɗan Mas'ud da almajiransa sun hana. Amma layar maharba wa ya san abin da ke cikinta? Ba zan sa hannuna a rufe abin da ban sani ba a cikin ƙota, a ci gaba da jingina masa tsari da sa'a. Na ce wa maƙeri ya dakata.

Ta farkon ita ce ta fi jan hankalin matasa, domin tana kama da ƙarfin imani. Sai na tambayi ɗalibin nan: mene ne laifin ƙarfen? Ƙarfe ne ya yi shirka? Sharaɗin yanka, kamar yadda ya zo a hadisin Rafi'u ɗan Khadij a Bukhari, shi ne abin yankan ya zubar da jini kuma a ambaci sunan Allah, ban da haƙori da farce. Baffa Musulmi ne, yana ambaton sunan Allah, wuƙa tana da kaifi. Ina hanyar da ragon zai zama mushe? Sa'an nan jefar da ita tozarta dukiya ne, wanda aka hana a hadisin Mugira ɗan Shu'uba. Anas ɗan Malik ya ba da labari cewa ƙoƙon shan ruwan Annabi ya tsage, aka ɗaure wurin tsagewar da azurfa, aka ci gaba da amfani da shi. Wanda aka aiko da tauhidi bai jefar da ƙoƙo don ya tsage ba. Kuma abin da ya fi duka, wuƙar ba tawa ba ce, ba ta ɗalibina ba ce. Rabon Baffa ce ta gado, amana ya ba ni. Wane littafi ne ya halatta mini in halaka dukiyar wani da sunan kishin addini, alhali ni ba alƙali ba ne, ba hukuma ba?

Akwai ƙissar da ya kamata kowane mai wa'azi ya riƙe, tana cikin Tirmizi daga Abu Waƙid Allaisi. A shekara ta 8 bayan Hijira, a kan hanyar Hunaini, rundunar Musulmi ta wuce wata magarya wadda mushirikai ke rataya makamansu a jikinta suna neman albarka, ana ce mata Zatu Anwaɗ. Wasu sababbin shiga Musulunci suka roƙi Annabi ya sanya musu irinta. Ku duba fa, maganar makami ce da neman sa'a, daidai da abin da maharbanmu ke nema da laya. Annabi ya girmama maganar ƙwarai, ya kamanta ta da roƙon da Bani Isra'ila suka yi wa Annabi Musa na ya sanya musu abin bauta. Bai sassauta ba ko kaɗan. Amma bai kore su daga runduna ba, bai karya takubbansu ba. Ya gyara musu zuciya, suka wuce da makamansu tare da shi zuwa fagen fama. Mu kuwa yau mukan haddace rabin farko na ƙissar, mu manta rabin ƙarshe.

Ta biyun ce ta fi ba ni wahala, kuma in faɗa muku gaskiya, raina ya karkata gare ta. Ga sauƙi, ga zaman lafiya: laya ta tafi, tsoho bai ji haushi ba. Na kwana ina juya ta. Abin da ya hana ni shi ne wannan tambaya: a ina cutar take, a cikin ƙota ko a cikin zuciya? In na cire takardar a ɓoye, Baffa zai ci gaba da riƙe wuƙarsa yana jin cewa tsarin Tsoho na nan a ciki. Dogaronsa bai motsa ba ko da taki ɗaya. Na tsarkake itace na bar mutum yadda yake, na kuma ƙara wa kaina ha'inci a cikin amana. Ranar da ya gane kuwa, ba zai sake yarda da wata ayar da zan karanta masa ba, kuma yana da gaskiya. Wannan shi ne gyaran munafunci, kuma yana da yawa a gidajenmu: yaro ya saci layun uwarsa ya ƙona da dare, gari ya waye ta koma wurin boka ta sayo wasu da kuɗin cefane.

Saboda haka na ɗauki ƙarfen tsirara, da tsohuwar ƙotar a tsage, da takardar ban buɗe ta ba, na koma gida. Kafin mu tashi maƙerin ya faɗi wata magana da ta yi mini amfani daga baya. Ya juya ƙarfen, ya ƙwanƙwasa shi a kan uwar maƙera, ya ce wannan sifirin ɗin mota ne, ba tama ba ce. Mu kuwa a gida an daɗe ana cewa wuƙar nan tun zamanin jihadi take. Mota a 1804!

Na sami Baffa bayan La'asar, na durƙusa na gaishe shi, na ajiye kayan a gabansa. Da ya ga takardar sai fuskarsa ta canja. Ya ce, "Wa ya ce a taɓa wannan?" Na ce, "Baffa, Allah Ya ƙara maka lafiya, ba a sake ƙota sai an tsaga tsohuwa. Ga ta nan ban buɗe ba, ban kuma yarda a mayar ba sai na zo gare ka." Ya ce, "To a mayar. In babu ita, wannan ba wuƙar Tsoho ba ce, wuƙar kasuwa ce." Ya ƙara da maganar da ta soke ni: "Ku yaran yanzu, an kai ku makaranta kun dawo kuna cewa iyayenku arna ne."

Ya ku 'yan'uwa, kada ku yi saurin cewa jahilci ne ya sa shi faɗin haka. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, alheri mai yawa ya samu: an koma ga Alƙur'ani da Hadisi, mata sun shiga makarantu, mutane sun daina kai dukiyarsu ga 'yan tsibbu. Amma wanda ya ce ba a yi ɓarna a wasu gidaje da sunan wannan kira ba, bai faɗi gaskiya ba. An sami ɗan da ya daina cin yankan ubansa, an sami wanda ya daina gaishe shi. Tsofaffi ba su manta ba. Lokacin da Baffa ya dube ni, ba ni kaɗai yake gani ba.

Tambayarsa kuma tambaya ce ta gaske: mene ne ya sa wuƙar nan ta zama wuƙar Tsoho? Na tambaye shi, cikin ladabi, ko wannan ƙotar ita ce ta farko. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a'a. Ta farko ta ƙaho ce, ta fashe. Wannan an sa ta ne a shekarar farin nan na 1973, lokacin da namun daji suka yi wuya, Tsoho yana fita kwana uku ya dawo hannu wofi. Shi Baffa da kansa, yana saurayi, ya raka shi wurin wani malami a wani ƙauye aka rubuto takardar. Kube ma an sake shi sau biyu. Ƙarfen kansa ya rame saboda wasawa, faɗinsa bai kai na da ba. Na ce, "To Baffa, shekarun da Kaka ya yi yana farauta da ita kafin 1973, lokacin da ya kawo gwanki, wuƙar wa ce?" Bai amsa ba, ni ma ban matsa ba.

A nan ne na gane abin da malamanmu ke nufi da tajdidi. Abu Dawud ya ruwaito cewa a kan kowace shekara ɗari Allah zai tayar wa wannan al'umma wanda zai jaddada mata addininta. Jaddadawa ba ƙirƙiro sabon abu ba ce, ba kuma rushe tsohon ba ce. Aikin maƙerin nan ne: a fitar da ruɓaɓɓen itace da abin da aka cusa daga baya, a kankare tsatsa, a bar ƙarfen asali ya koma aikinsa. Abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ke nan. Sunan littafinsa Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bid'a ya isa ya nuna haka, raya abu da kashe wani abu, ba kashe komai ba. Kuma da yawa daga abin da muke kira gadon kakanni, in ka bi sawunsa, za ka tarar bai wuce shekara hamsin ko sittin ba, kuma yunwa ko tsoro ne ya shigo da shi. Misalin yana da iyaka, kada wani ya ja shi inda bai kai ba: ƙarfe yana ramewa da wasawa, addinin Allah ba ya ramewa, riƙon da muke yi masa ne ke sassautawa. Haka nan kada ɗan boko ya ce to ai salla da azumi ma ƙota ne, a sake su su dace da zamani. Ƙota ita ce abin da ake riƙe addini da shi ya isa ga mutane, kamar lasifika da injin buga littafi da aji mai benci da wayar hannu. Waɗannan a sake su duk lokacin da suka tsufa. Ibada kuwa tsayayya ce a kan abin da aka saukar.

Akwai kuma maganar lokaci. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi ya so ya rushe Ka'aba ya mayar da ita kan harsashin Annabi Ibrahim, domin Ƙuraishawa da suka sake gina ta kuɗinsu na halal ya gaza, suka bar Hijir a waje. Amma ya bari, saboda mutanensa ba su daɗe da fita jahiliyya ba, zukatansu ba za su ɗauka ba. Abdullahi ɗan Zubair ya gina ta a kan wancan harsashi bayan shekara ta 64, Hajjaj ya mayar da ita yadda take bayan ya kashe shi a shekara ta 73. Da wani halifan Abbasiyawa ya so ya sake rushewa, Imam Malik ya roƙe shi ya bari, kada Ɗakin Allah ya zama abin wasan sarakuna. Ba ina cewa a jinkirta bayanin tauhidi ba ne. Wannan ba a jinkirta shi, kuma a ranar na gaya wa Baffa hukuncin laya ba tare da kwana-kwana ba. Abin da nake cewa shi ne, faɗin gaskiya wajibina ne a yau, amma shigarta zuciyar tsoho ɗan shekara saba'in ba a hannuna take ba, kuma ba ni da izinin in ƙwace da ƙarfi abin da ban samu da hujja ba. Aya ta 15 a Suratu Luƙman ta haɗa abu biyu ga wanda iyayensa ke matsa masa ya yi shirka: kada ya bi su, kuma ya zauna da su da kyautatawa. In haka ne ga iyayen da ke kira zuwa ga shirka ƙarara, ina ga baffan da ke salla biyar a sahun farko?

Ɗalibina mai zafin nan ya tambaye ni daga baya, shin Kakanmu ɗan wuta ne? Na ce masa ya ji tsoron Allah. Malamai sun bambanta tsakanin wanda ya ƙudurta cewa laya ita da kanta ke amfanarwa, wannan babbar shirka ce, da wanda ya ɗauke ta sababi alhali ya san Allah ne mai yi, wannan ƙarama ce. Sun kuma bambanta tsakanin hukuncin aiki da hukuncin mutum ayyananne wanda hujja ba ta kai gare shi ba. Kakanmu bai yi karatu mai zurfi ba, ga iyali ga fari, wanda ake kira malami ya miƙa masa takarda ya ce ayoyin Allah ne. Ya mutu yana salla yana azumi. Ni abin da ke kaina shi ne in roƙa masa gafara, kuma ina yi.

Sallar bara da wuƙar maƙwabci muka yi yanka. Ƙarfen Kaka yana kan taga a ɗakin Baffa, babu ƙota, kusan wata biyu. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice, amma ban fasa zuwa kowace safiya ba. Wata rana bayan Azahar ya aiko a kira ni, ya miƙo takardar ya ce, "Kai da ka yi karatu, buɗe ka karanta mini abin da ke ciki." Na warware zaren a hankali. Akwai ɗan yanki na Ayatul Kursiyyu da kurakurai biyu, a ƙarƙashinsa hatimi mai gida tara, a gefe kuma wasu sunaye huɗu waɗanda ba na Allah ba ne, ba na mala'ikun da aka sani ba ne, ba ma Larabci ba ne, an rubuta su da harafin kira. Na karanta masa su ɗaya ɗaya. Ya ce, "Su wane ne waɗannan?" Na ce, "Baffa, wallahi ban san su ba. Amma su ake kira a takardar nan." Ya daɗe yana kallon ƙasa.

Washegari muka tafi maƙera tare, shi da kansa ya zaɓi marke. Da maƙerin zai gasa wutsiya, sai na ga ya naɗe ruwan wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma, yana yi yana ƙara ruwa. Na tambaye shi dalili. Ya ce in zafi ya haura daga wutsiya ya kai ga kaifi, taurin ƙarfen ya mutu ke nan, za ka sami ƙota sabuwa fil da wuƙar da ba ta yanka ko kabewa. Na waiwaya na dubi ɗalibina, shi ma ya dube ni.

An sa ƙota ba rami a jikinta, baduku ya naɗe ta da jar fata, aka wasa ta har tana aske gashin hannu, kamar yadda hadisin Shaddad ɗan Aus a Muslim ya yi umarni a kaifafa wuƙa a hutar da abin yanka. Takardar kuwa, na ce wa Baffa a ƙona ta a wuri mai tsarki saboda ayar da ke ciki, yadda Sayyidina Usman ya yi da sauran mus'hafai. Bai yarda ba. Ya ce ba don tsari ba, don dai hannun Tsoho ya taɓa ta. Ya ninke ta ya sa a ƙasan akwatinsa. Ban ji daɗi ba, na kuma gaya masa ban ji daɗi ba. Tana nan a akwatin har yau, ni kuma ina nan ina zuwa gaisuwa kowace safiya, wani lokaci in tayar da maganar, wani lokaci in bari. Bana da wuƙar Kaka aka yanka ragon layya, Baffa ya riƙe, ni na danne ƙafafu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.